Rana Magani Ce, In An San Lokacinta

A ƙasarmu ba a rasa rana, har ma gudun ta muke yi. Duk da haka ana kawo yara asibiti ƙafafunsu sun lanƙwashe kamar baka, ko sun yi gwame, wasu sun shekara biyu ba su fara tafiya ba. Sau da yawa abu biyu ne ke kawo wannan: ƙarancin abinci mai gina ƙashi, da rashin fita rana.

Me rana take yi wa jiki?

Idan hasken rana ya taɓa fatarku, fatar takan haɗa bitamin D. Shi ne yake taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci, kalsiyam kuwa shi ne tubalin ƙashi da haƙori. In babu bitamin D, ko kalsiyam ya yi kaɗan, ƙashin yaro yakan yi laushi, nauyin jiki ya tanƙwara shi. Yarinyar da ta taso haka, ƙugunta yana iya tsukewa, ta sha wahala ranar haihuwa. Babba kuma yakan yi fama da ciwon ƙashi da kasala.

Hasken ba ya wannan aiki ta cikin tufafi ko ta gilashin taga. Baƙar fata kuma ta fi farar fata buƙatar lokaci. Saboda haka, ke da kike cikin kulle, ki fito tsakar gida da hantsi kamar rabin awa, hannuwa da ƙwauri a buɗe. Kina iya yin wanke-wanke ko tsintar shinkafa a wurin. Maigida, ka tabbata tsohuwar da ke ɗaki ita ma ana fito da ita.

Rana kaɗai ba ta isa ba. Ku ba yara nono ko kindirmo, da ƙwai, da miyar kuka, da zogale, da ƙananan kifi da ake ci har da ƙashinsu.

Motsa jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau 5. Yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar awa 1 kowace rana. Tafiya da sauri, noma, daka, tuƙa keke, duk suna ciki. Wannan yana rage hawan jini, yana taimakon mai ciwon suga, yana sa barci mai daɗi. Mai zaman shago ko ofis, ka ajiye babur wani lokaci ka taka da ƙafa. Ku bar yara su yi langa da ƙwallo.

Inda za ku yi hankali

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, ranar tsaka tana kisa. Ku nemi inuwa daga ƙarfe 12 zuwa la'asar, ku sha ruwa tun kafin ku ji ƙishi. Idan mutum ya ruɗe, jikinsa ya yi zafi rau, ko ya suma, ku kai shi inuwa, ku jiƙa shi da ruwa, ku yi masa fifita, ku garzaya da shi asibiti.

Kada ku shanya jaririn da bai kai wata 6 ba a rana. Idan idonsa ko fatarsa ta yi rawaya, shawara ce, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Ku kawo shi a ranar, kada ku ce rana za ta warkar da shi. Zabiya kuwa rana tana ƙona masa fata har ta kai ga ciwon daji, sai ya sa malafa da riga mai dogon hannu.

Idan kun ga ƙafar yaro ta fara lanƙwashewa, ko wuyan hannunsa ya kumbura, ku kawo shi da wuri. Ƙashin ƙaramin yaro yakan miƙe idan an fara magani a kan lokaci.