Yaron da Ke Goge Panno a Garazu

Da hantsi, tun kasuwa ba ta cika ba, za ka hango shi bisa rufin rumfa da tsumma a hannu, yana goge fuskar panno. Hunturu ne, hazo ya kwana yana zuba, kuma ƙurar kwana biyu ta isa ta rage wa panno ƙarfi. A ƙasa, bisa tebur, salula sun yi layi, kowace da ƴar takarda mai lamba an ɗaure mata da roba. Masu su sun taho daga rugage da ƙauyuka, wani bisa raƙumi, wani bisa amalanke. Za su saida akuya, su sayi hatsi da ganyen shayi da sukari, sannan su biyo su karɓi abinsu ya cika.

Nan Garazu ne, fadar ƙaramar hukumar Alakos cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram, tsakanin Kutus da Damargu. Ƙasa ce ta gero da dabbobi, inda Barebari da Buzaye da Fulani ke haɗuwa a bakin rijiya da kasuwa. A Nijar baki ɗaya, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki, a karkara kuwa abin bai ko kama ƙafar haka ba. Mutumin ruga a Alakos ba ya zaman jiran turakun kamfanin lantarki na Nijelek. Kuran ɗinsa daga sama yake sauko masa.

An ga amfanin haka a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. A lokacin, wajen kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar daga can yake zuwa, har da layin da ke tasowa daga Katsina ya bi ta Gazawa ya ciyar da Maradi da Damagaram. Birane suka faɗa duhu, masu ƙanƙara da masu walda suka yi tagumi. Mai panno a ƙauye kuwa a rediyo ya ji labarin. Ƙasar ba baƙuwar ilimin wutar rana ba ce: marigayi Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana jagorancin ofishin binciken makamashin rana, tun ana ganin abin kamar mafarki. Yau akwai tashar Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, da ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30.

Amma ni saurayin bisa rufin nan ya fi ɗaukar mini hankali, domin irinsa ne ƙarancinsu ke kashe wutar karkara. Ya bar lakwal a tsakiya, ya yi ci-rani a Damagaram wurin wani mai haɗa wutar gidaje, yana ɗaukar masa tsani da jakar kayan aiki. Can ya koyi bambanta waya mai rai da matacciya, ya koyi riƙe ma'aunin wuta. Da ya dawo gida sai ya tarar ilimin birni rabi ne kawai. A birni kuran na zuwa da ƙarfin volt 220, siririyar waya ma ta kai shi ɗaki. A nan volt 12 ne daga batir, kuma in waya ta yi siriri ko ta yi tsawo, wutar a hanya take zubewa, kwan lantarki ya riƙa ci kamar fitilar da mai ya ƙare mata.

Abu na biyu da ya koya shi ne lissafi, kuma a nan ake gane mai sana'a da mai neman kuɗin shayi. Panno mai wat 100, in ya samu rana mai kyau ta awa biyar, abin da zai tara bai wuce wat 500 na awa guda ba, shi ma kafin a cire abin da zafi da ƙura suka ci. Batirin dalma kuma ba a so a sha fiye da rabin cikinsa. Ke nan in magidanci ya zo da panno ɗaya yana son kwai huɗu da talabijin da firiji, sai an samu mai iya duban idonsa ya ce: “Baba, wannan ba zai ɗauki firiji ba. Mu tsaya ga fitila da caji, in Allah ya hore a ƙaro.” Da yawa ba sa faɗa, don kada ciniki ya kuɓuce. Su haɗa, su karɓi kuɗi, bayan wata shida batir ya mutu, a ce ai sola ƙarya ce.

Ni ma na taɓa shiga wannan rami. Wani mai shago ya ce mini regilatar, wato ƴar na'urar da ke tsakanin panno da batir tana tsare shi daga cika fiye da ƙima, ɓarnar kuɗi ce, in haɗa kai tsaye. Na bi maganarsa. Kafin damina batirin ya kumbura, ruwansa ya ƙone, kuɗin da na yi tattali suka tafi ninkin-ba-ninkin.

Panno mai kyau yana iya shekara ashirin ko fiye. Batirin dalma kuwa, cikin zafin bazarar wannan yanki, in ya kai shekara uku an gode Allah. To ina matattun suke zuwa? Na ga inda aka fasa batir a bayan gida, aka tuttular da ruwansa a ƙasa inda awaki ke kiwo, yara na wasa da farantan dalmar da ke ciki. Wanda ya tuna Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400, ba zai ga haka hankalinsa ya kwanta ba. Saurayin nan ba ya fasawa. Yana jera su a inuwa, a tsaye, bisa katako, in sun taru ya aza su a motar kasuwa zuwa wurin masu saye a Damagaram, abin da aka samu ya rage wa mai batir kuɗin sabo. Batirin litiyom ya fara shigowa, ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin mai gona ɗaya.

Babban aikin ma yana gaba. A karkarar Nijar, famfon foraj da ke cika shato, da firijin allurar rigakafi a likita, da yawansu da rana suke aiki. Masu aikin agaji su kafa, a yi biki, su tafi. Ranar da wata ƴar waya ta ƙone, sai mata su koma jan guga a rijiya mai gaba da yawa, ana jiran gwani daga birni. Akwai hukumar ANPER da aka ɗora wa kai lantarki karkara, akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi. Abin da nake fata shi ne duk wanda zai kafa famfo a Alakos ya ɗauki yaran garin su tsaya a gefensa tun daga haƙa ramin turke har ɗaure waya ta ƙarshe, ya bar musu kayan canji da lambar da za su kira.

Ana sallar azahar aka aiko daga wata ruga cewa fitilarsu ta daina kai tsakar dare. Saurayin ya ce ko dai batir ne ya gaji, ko kuma bakin waya ne ya yi tsatsa. Ya zuba ma'auni da filaya da jarkar tataccen ruwan batir cikin jaka, ya ɗaure a bayan babur, ya bar wa ƙanensa tebur da littafin lambobi.

“In rana ta karkata ka sake goge shi,” in ji shi, yana nuna rufin da haɓa, sannan ya bi hanyar rairayi ya yi arewa.