Makarantun Da Ke Kai Ɗaliban Sakandare Zaman Wata Huɗu A Gona

Daga Wakilinmu

A cikin shekarar 1984 ne wata tsohuwar makarantar kwana mai suna Milton Academy, wadda ke kusa da birnin Boston na ƙasar Amurka, ta soma wani gwaji da mutane da yawa ba su zaci zai yi nisa ba. Ta sami wata gona a kan tuddai, a ƙauyen Vershire cikin Jihar Vermont, ta buɗe reshe a can mai suna Mountain School, a ƙarƙashin jagorancin malamanta biyu, David Grant da matarsa Nancy. Manufar ita ce a riƙa ɗauko ɗalibai wajen 45 daga makarantun sakandare dabam-dabam, masu shekara 16 zuwa 17, su zauna a gonar na zango ɗaya, watau kimanin wata huɗu, suna karatu suna noma, sa'an nan kowa ya koma makarantarsa.

Bayan shekara huɗu, a 1988, sai wata cibiya mai suna Chewonki ta buɗe irin wannan shiri a garin Wiscasset da ke bakin teku a Jihar Maine, a kan wani fili mai faɗin eka kusan 400.

DALILIN SHIRIN

Mai karatu zai iya tambaya, me zai sa ƙasar da ta yi suna wajen noma ta buƙaci kai yaranta gona? Amsar ita ce, noman Amurka ya koma hannun mutane ƙalilan masu manyan injuna. Tun ƙidayar 1920 aka ga mazauna birane sun fi mazauna karkara yawa, yau kuwa masu aikin gona ba su kai biyu daga cikin ɗari na ma'aikatan ƙasar ba. Har ila yau ƙidayar manoma ta 2022 ta nuna cewa matsakaicin shekarun manomi ya kai 58. Saboda haka yaro yakan gama sakandare bai taɓa ganin yadda ake tatsar saniya ba, iyakar saninsa da madara shi ne a cikin kwali a kanti.

YADDA RANA KE TAFIYA

A irin waɗannan makarantu ba a mayar da gona abin kallo ba. Gona ce ta sosai, wadda ake ci daga gare ta. Tun da sassafe, kafin karin kumallo, waɗanda aikin ya faɗo kansu za su fita su ba dabbobi abinci da ruwa, su kwashe ƙwai, su share garke, ko da kuwa dusar ƙanƙara na zuba. Ana kiwon shanu da tumaki da kaji da aladu, ana kuma shuka dankali da kabeji da karas da albasa. Bayan haka sai a shiga aji a yi Turanci da lissafi da tarihi da kimiyya, daidai da manhajar makarantun da ɗaliban suka fito, don kada wani ya koma ya tarar an bar shi a baya.

Da rana kuma akwai lokacin aiki na kowa da kowa, har da malamai. Malamin da ya koyar da lissafi da safe shi ne za a gani da gatari yana faskare tare da ɗalibansa, gama da itace ake ɗumama ɗakuna a lokacin sanyi. Idan wanda aka ɗora wa kula da wuta ya yi sakaci, to, abokan kwanansa ne za su kwana suna makyarkyata. Haka kuma idan aka manta da rufe ɗakin kaji, da safe sai a tarar namun daji sun yi ɓarna. Wannan shi ne ginshiƙin koyarwar: laifin da a aji iyakarsa jan biro, a gona kowa yakan ɗanɗana sakamakonsa.

Kowane zango da irin aikinsa. Ɗaliban da suka zo a ƙarshen watan Agusta su ke girbi da adana abinci, su kuma ke ganin ranar da ake yanka dabbobin da suka yi kiwo, abin da kan girgiza wasu har su sake tunani game da cin nama. Waɗanda suka zo a tsakiyar hunturu su ke tarar da haihuwar tumaki da shirin shuka. A Vermont kuwa, wadda ke samar da kusan rabin zumar itacen mapul ta Amurka, akan huda itatuwan wajen watan Maris, lokacin da dare ke daskarewa rana kuma ta ɗan yi ɗumi, a tari ruwan a dafa. Sai an ƙone galan wajen 40 kafin a sami galan ɗaya na zumar. Wanda ya yi jigilar bokitan nan ba sai an yi masa lacca a kan haƙuri ba.

Bugu da ƙari, akan kai kowane ɗalibi cikin daji ya zauna shi kaɗai na kwana biyu ko uku, da guzuri da abin rubutu, malamai suna sa ido daga nesa.

INDA GIZO KE SAƘA

Sai dai shirin bai rasa masu suka ba. Kuɗin zango ɗaya dubban daloli ne, daidai da na makarantun kwana masu tsada, kuma ko da yake ana ba wasu tallafi, talaka ba ya shiga da sauƙi. Na biyu, makarantun ba su yi alkawarin yaye manoma ba. Yawancin ɗaliban jami'a suke wucewa. Abin da ake fata kawai shi ne, likita ko lauya ko jami'in gwamnati na gobe ya san wahalar da ke bayan abin da ke cikin kwanonsa.

A nan ne maganar ta shafe mu. A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka tura ɗaliban manyan makarantu ƙauyuka a lokacin dogon hutu, amma abin bai ɗore ba. Gonakin makarantunmu kuma sau da yawa sun zama wurin horo, inda ake tura mai laifi ya yi shema. Yaron da aka saba masa da fartanya a matsayin bulala, da wuya ya so ta in ya girma. Waɗancan sun sa malami da ɗalibi a kunya ɗaya, sun kuma sa amfanin gonar a tukunyar makaranta. Wannan ba ya bukatar dala, kuma ya cancanci jami'an ma'aikatun ilmi da shugabannin makarantu su duba shi da idon basira.