Karatun Jami'a a Ajin Sakandare: Abin da Ganyen Alayyahu Ke Koyarwa

Kayan aikin ba su da yawa: ganyen alayyahu, abin huda takarda, sirinji marar allura, kofin ruwa da aka narka ɗan bekin soda a ciki, ɗigon sabulun ruwa, sai fitila. Ɗaliba 'yar shekara 16 za ta huda ganyen ta fitar da ƙananan faya-fayai guda goma, ta zuba su cikin sirinjin tare da ruwan, ta toshe bakinsa da babban yatsa, ta ja. Jan nan yana zuƙe iskar da ke maƙale cikin ganyen, ruwa ya maye gurbinta, sai faya-fayan su nutse. Ta juye su a kofi, ta kunna fitila, ta zuba wa agogo ido. Bayan 'yan mintuna ɗaya zai motsa, ya miƙe, ya taso sama, sauran su bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ganyen ya kama aikinsa na haɗa abinci da haske, iskar oksijin da yake fitarwa ce ta cika shi har ya yi iyo. In aka kai kofin cikin duhu, a hankali za su sake nutsewa, domin ganye ma yana numfashi, yana cinye iskar da ya tara.

Wannan gwaji yana cikin waɗanda ake yi a darasin ilimin halittu na tsarin Advanced Placement, wanda aka fi sani da AP, a sakandaren Amurka. Tsari ne da ke bai wa haziƙan ɗalibai damar yin karatun shekarar farko ta jami'a tun ba su bar sakandare ba. Ya samo asali a farkon shekarun 1950 da tallafin Gidauniyar Ford, lokacin da aka lura yara masu kaifin basira suna maimaita a jami'a abin da suka riga suka sani. Hukumar College Board ta karɓi ragamarsa a 1955. Ana zana jarrabawar a watan Mayu, maki daga 1 zuwa 5, kuma jami'o'i da dama sukan yafe wa wanda ya ci 3, 4 ko 5 kwas ɗin farko, gwargwadon ƙa'idar kowace jami'a. A ƙasar da kuɗin jami'a ke karya bayan iyaye, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai shekaru da yawa an ɗauki "matakin jami'a" a matsayin yawan abin da za a ɗura wa yaro. Littafin da aka fi amfani da shi, Campbell Biology, ya haura shafi 1,000, malami kuwa yana tsere da kalanda don ya kai bango kafin Mayu. Yara suka koma hadda: sunayen sinadarai, jerin rabe-raben dabbobi, matakan da ƙwayar halitta ke bi tana sarrafa sukari. A 2002 majalisar binciken kimiyya ta ƙasar ta fitar da rahoto tana sukar wannan salo, cewa faɗin ya yi yawa, zurfin ya yi kaɗan. An ɗauki shekara goma kafin gyara ya kankama. A zangon karatu na 2012 zuwa 2013 aka sake fasalin darasin, aka rage abin haddacewa, aka ɗora komai a kan ginshiƙai huɗu: yadda halittu ke sauyawa a tsawon zamani, yadda suke samun makamashi su yi amfani da shi, yadda bayanan gado ke ajiyuwa su wuce daga iyaye zuwa 'ya'ya, da yadda sassan rayuwa ke cuɗanya da juna. Aka kuma shar'anta cewa aƙalla kashi 25 cikin 100 na lokacin darasi a ɗakin gwaje-gwaje za a yi shi.

Ni a ganina nan ne gizo ke saƙar. A gwajin alayyahun nan, ganin ganye ya taso ba shi ne darasin ba. Wannan share fage ne. Bayansa malami zai ce wa yara kowa ya kawo tasa tambayar. Wani ya ce zai matso da fitila ya gani. Wata ta ce za ta rufe fitilar da koriyar leda, ta gwada da ja. Wani ya kwatanta ɗanyen ganye da wanda ya tsufa. Dole su yanke shawarar abin da za su canza da abin da za su bari yadda yake, su ajiye kofi guda babu bekin soda don kwatance, su rubuta lokacin da rabin faya-fayan suka taso, su zana jadawali. Sau da yawa sakamakon ba ya zuwa yadda aka zata, kuma neman dalilin hakan shi ne ainihin aikin masanin kimiyya. Jarrabawar ma ta bi sahu: awa uku, tambayoyin zaɓi 60 da na rubutu 6, yawancinsu bayanan wani gwaji ne ake shimfiɗa wa ɗalibi a ce ya faɗi abin da suke nunawa da abin da ba su isa su nuna ba.

Akwai gwaje-gwajen da suke cin kuɗi. Fitaccen cikinsu shi ne na cusa wa ƙwayar bakteriya mai suna E. coli ɗan guntun DNA da aka ɗauko daga wata halittar teku mai walƙiya. Washegari, ƙarƙashin fitila ta musamman, sai a ga ƙwayoyin suna ƙyallin kore. Binciken da ya gano sinadarin walƙiyar ya ci kyautar Nobel a 2008. An kuma haɗa guntun da abin da ke sa ƙwayar ta bijire wa maganin ampicillin, don haka yaro yana gani da idonsa yadda magani kan daina aiki.

Tsarin bai tsira daga suka ba. Jami'ar Dartmouth ta sanar a 2013 cewa za ta daina lissafa makin AP cikin abin da ake buƙata don kammala digiri. A 2018 wasu makarantun kuɗi takwas na yankin Washinton suka ce za su ajiye shi su koma nasu manhaja. Kuɗin jarrabawa ɗaya ya kusa dala 100, kuma makarantun unguwannin talakawa da ƙauyuka ba kasafai suke da ƙwararren malami ko ɗakin gwaji ba.

Mu ma a Najeriya ba baƙin wannan tunani ba ne. Dattawanmu sun yi ajin HSC na shekara biyu bayan sakandare, kafin tsarin 6-3-3-4 da ya fara a 1982 ya share shi. Yau akwai IJMB ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da JUPEB da aka kafa a 2014, masu kai ɗalibi aji biyu na jami'a kai tsaye. Kano kuma tun 1977 ta ware makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa don yaran da suka nuna basira, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can shaida ne. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yawan makarantunmu da yaro zai gama aji shida bai taɓa leƙa madubin ganin ƙwayoyin halitta ba, sai zanen allo ya kwafa. Ana cewa babu kayan aiki, kuma gaskiya ne a wasu gwaje-gwajen. Amma alayyahu yana kasuwa, sirinji yana kemis, rana kuwa ta fi kowace fitila. Da yankakken dankalin Turawa, ruwan sukari mai ƙarfi daban-daban da ƙaramin sikeli, aji guda zai auna yadda ruwa ke shiga ƙwayar halitta yana fita, kuma wannan ma yana cikin manhajar AP. Abin da ya fi wuyar samu shi ne malamin da aka horar, aka rage masa cunkoson aji, aka ba shi awa biyu a jere, wanda in yaro ya ce "Malam, nawa bai taso ba," zai ja kujera ya zauna kusa da shi ya tambaye shi me yake zaton ya faru.