Jita Daga Bakin Na'ura: Me Fasahar 3D Za Ta Tsinana wa Makaɗan Bauchi?

Da gwangwanin kifi, da 'yar fatar akuya, da sanda, da tsirkiya ɗaya tal marigayi Adamu Ɗanmaraya Jos ya kai waƙar Hausa ƙasashen duniya. Kuntigin da ya riƙe har rasuwarsa a watan Yunin 2015 bai fito daga wata masana'anta ba. Haka Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar da yau ake tururuwa a Turai da Amurka don jin kiɗansa: jitarsa ta farko shi ya harhaɗa abarsa da katako da wayar birkin keke. Makaɗin wannan yanki, abin da hannunsa ya kai gare shi da shi yake aiki.

To ga wani sabon abu ya shigo, wato firintar 3D, na'urar da ke gina abu mai tsawo da faɗi da kauri daga zanen da aka yi a kwamfuta. A Bauchi ana kaɗa jita a majami'un Yelwa, da ɗakunan ɗaukar waƙa, da wuraren biki, kuma kusan dukkansu daga waje ake shigo da su, kuɗinsu na tashi duk lokacin da dala ta tashi. Shin wannan na'ura za ta iya fitar da jitar da makaɗi zai rataya ya hau dandamali da ita?

Masassaƙin turmi gungume yake samu, ya yi ta ragewa da gizago har turmi ya bayyana. Firintar 3D kuwa aikin zanzaro take yi, wanda ke ɗauko laka kaɗan-kaɗan yana ɗorawa har ɗakinsa ya tashi. Ana saka mata roba mai kamar igiya, kaurinta milimita 1.75, a naɗe a kan faifai. Bakin na'urar ya narkar da ita a zafin da ya kai digiri 200, ya riƙa zuba ta siririya yana bin zane. Sahu ɗaya ya daskare, ta ɗora wani. Sahu biyar ne ke yin milimita ɗaya, don haka gangar jikin jita mai kaurin santimita 4.5 na buƙatar sahu sama da 200.

Fasahar ba ta jiya ba ce. Wani Ba'amurke, Chuck Hull, ya nemi rajistar ƙirƙirarsa a 1984, kuma kafin ƙarshen shekarun 1980 Scott Crump ya fito da hanyar narka roba. Tsada ce ta tsare ta a manyan kamfanoni, har Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara shirin RepRap a 2005, ya saki zanen na'urarsa kyauta ga kowa. Da wa'adin rajistar Crump ya ƙare a 2009, sai farashi ya karye, na'urar ta shiga gidaje da makarantu.

Wanda ya fi yin suna a ƙera jita ta wannan hanya shi ne Farfesa Olaf Diegel na ƙasar New Zealand, mai jitocin ODD. Shi da garin nailan yake aiki, hasken laza na narkar da shi sahu-sahu. Yana fitar da gangar jiki mai huda-huda kamar saƙar gizo-gizo ko saƙar zuma, har da 'yan ƙwari a ciki, irin aikin da gizago ba zai taɓa shiga ya yi ba. A 2014, lokacin yana koyarwa a Jami'ar Lund ta Suwidin, ɗaliban kiɗa sun yi wasa a bainar jama'a da jitoci da ganga da ya buga. A 2019 kamfanin Sandvik ya buga gangar jikin jita da ƙarfen titaniyam, ya miƙa wa makaɗi Yngwie Malmsteen, wanda ya saba farfasa jita a dandamali. Ya yi ta maka ta, ta ƙi fashewa.

Amma duk wanda ya leƙa cikin jitar Diegel zai tarar da katako a tsakiya, wuyanta ma na katako ne. Tsirkiya da maɗauranta na ƙarfe kuwa saye ake yi. Dalilin yana cikin yadda sauti ke fita. A jitar lantarki, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe ke kama rawar tsirkiya ya mai da ita lantarki, lasifika ta ɗaga. Babban aikin gangar jiki shi ne ta riƙe komai daram, kuma roba na iya wannan. Jita mai ƙoƙo, wadda ba a jona ta da wuta, ita kuwa muryarta daga siririn katakon fuskarta take fitowa, wanda kaurinsa bai wuce milimita 3 ba. Katako na da rashin nauyi ga tauri, saboda jijiyoyinsa sun miƙe a jere. Roba ta fi shi nauyi, ta fi shi laushi, sai ta shanye amon.

Akwai kuma ja. Tsirkiyoyi shida na jitar lantarki suna jan wuya da ƙarfin da ya kusan nauyin buhun siminti, na mai ƙoƙo kuwa sun kai kilo 70, dare da rana. Roba in ta daɗe a ƙarƙashin ja sai ta riƙa lanƙwasa a hankali, kiɗa ya karkace.

A Bauchi rana ce za ta fara yi wa irin wannan jita jarrabawa. Robar PLA, wadda ta fi araha da sauƙin bugawa, tana fara laushi a wajen digiri 60. A watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke kusantar digiri 40, motar da aka kulle a bakin kasuwar Wunti da tsakar rana cikinta na iya kai wannan ma'auni. Sai dai a koma robar PETG ko ABS, masu jure digiri 80 zuwa 100. Sannan ga ƙanƙantar na'ura: yawancin na gida faɗin farantinsu santimita 22 ne, jita kuwa ta haura 30, dole a buga ta gunduwa-gunduwa a liƙe. Kowace gunduwa na cin sa'o'i masu yawa, in wuta ta ɗauke a tsakiya aiki kan lalace. Sauƙin abin shi ne na'urar ba ta da cin wuta, ƙaramar sola da batir sun ishe ta.

Batun katako ma yana tura masu ƙira neman mafita. Tun 2017 yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta sa ido kan cinikin madobiya, bayan an yi wa dazuzzukan Taraba da maƙwabtanta ƙarƙaf ana lodi zuwa Sin, kuma a 2022 aka ƙara da dangin maɗaci, wanda masu ƙera jita ke nema ruwa a jallo. Gangar jikin roba na rage yawan katakon da kowace jita ke ci, ko da wuyan ya ci gaba da zama na itace.

Inda ƙofa ta fi buɗewa ga Bauchi shi ne ƙananan kaya. Jitoci da yawa na jingine a kusurwa saboda ɗan abin da bai kai ɗan yatsa ba: marfin maɓallin ƙara murya ya ɓata, ko ɗan turken da ke danne tsirkiya ya karye. Irin waɗannan firinta na fitar da su cikin mintuna ko 'yan sa'o'i, da robar da ba ta kai nauyin goro ba. Na biyu kuma kayan kiɗanmu na gado. Kuntigi da gurmi da goge amonsu daga fata da tsirkiya yake tashi, ƙoƙon kuwa gwangwani ne ko ƙwarya. Ƙwarya na fashewa, kuma ba a samun biyu masu girma ɗaya. Ƙoƙon da aka buga zai iya fitowa iri ɗaya sau ɗari, abin da makarantar da ke son koyar da yara gurmi take buƙata. Ɗaurin fata da daidaita murya suna nan a hannun gwanayensu.

Afirka ta riga ta nuna ana iyawa. A Lome ta Togo, Afate Gnikou ya haɗa firintar 3D a 2013 da tarkacen tsofaffin kwamfutoci. A 2022 wata na'ura mai suna Polyformer, da ke yanka gorar ruwa ta mai da ita igiyar bugawa, ta ci kyautar James Dyson. Ledar fiya-wata ba ta buguwa da kyau, amma gora na yi, ga ta nan birjik a magudanun gari.

Bauchi ba ta rasa masu ilimin ba. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, da aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha, tana yaye injiniyoyi da masu zanen kayan masana'antu, ga kwalejin fasaha ta tarayya a Gwallameji, ga ta Tatari Ali. Aikin kammala karatu guda ya isa a fara: ɗalibi ya auna ƙwaryar gurmi, ya buga irinta da roba, ya kai wa mai ɗaurin fata, sannan a zaunar da makaɗi ya kaɗa ta ƙwarya ya kaɗa ta roba a bayan labule, mutane su faɗi wadda ta fi musu daɗi. Bayan nan a ajiye ta roba a rana wata guda, a sake kaɗawa.