Bayan doktora, sai gonakin Agye

Matashin da ya kare kundin doktora a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi yakan tarar kujerun koyarwa sun yi wa masu nemansu kaɗan. Kafin kujera ta samu, akwai zangon da ake kira fosdok: kwantiragin bincike na shekara ɗaya zuwa uku a ƙarƙashin wani farfesa. Albashi kuwa daga kuɗin shirin binciken yake fitowa, galibi daga ƙetare. Ran da kuɗin shiri ya ƙare, aiki ya ƙare.

A jihar Maraɗi yawancin irin wannan dama a harkar noma take, kuma rabin aikin a gona ake yin sa. Misali murzuna, tsutsar da ke cinye zangarniyar hatsi. Farfesa Ibrahim Bawa da abokan aikinsa na cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna sun daɗe suna yaƙarta da wani ɗan ƙwaro mai kama da zanzaro, wanda ke yin ƙwai a jikin tsutsar har ta mutu. A ɗakin gwaji ake kiwon ƙwaron, a sa shi cikin ƙananan buhunan algarara, a rataye a ƙauyuka lokacin da hatsi ke fidda kai. To wa zai bi gonakin Gidan Rumji ko Gazawa da damina, a kan babur, yana ƙirga zangarniyar da ta lalace? Wa zai tsara alƙaluman a kwamfuta, ya duba aikin ɗaliban mastas, ya rubuta wa masu ba da kuɗi rahoto kafin wa'adi ya cika? Aikin mai fosdok ke nan. Sai ya iya Hausar zama da manoma a gindin gawo, ya iya Faransancin ofis, sannan ya rubuta da Turanci, don manyan mujallun kimiyya da shi suke fitowa.

Rubutun ne jarinsa. Hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu, ita ke tantance ƙarin matsayin malaman jami'a, kuma abin da aka wallafa take fara dubawa. A nan nake ganin ana buƙatar gyara, don wasu tambayoyin ba sa amsuwa cikin gajeren kwantiragi. A Ɗan Saga, cikin Agye, manoma sun raya itatuwan gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma maimakon a sare shi. Masu bincike daga ƙasashe da dama sun zo sun yi rubutu a kai. Amma kafin a auna abin da gawo ke ƙara wa ƙasa sai an yi damina da yawa ana bin gona ɗaya, kwantiragi kuwa damina biyu ce ko uku. Shi ya sa matashi ke zaɓen tambayar da za ta amsu da wuri. Idan gwamnati na son a amsa mai wuyar, sai ta ware wa jami'ar Maraɗi kuɗin fosdok daga aljihunta, na shekara biyar aƙalla.