Man Fetur Mai Itanol da Injin da ke Aiki a Bakin Ruwa

Duk wanda ya tsaya da hantsi a bakin tafkin Tabalak, kimanin kilomita 50 daga birnin Tawa kan hanyar Agadas, ya ga masunta suna jawo taru, masu lambun albasa kuma suna tada injin ban ruwa, zai fahimci cewa lafiyar ƙaramin inji mas'ala ce da ta shafi abincin gidaje masu yawa.

Wani abin da ke iya taɓa lafiyar irin wannan inji shi ne itanol, sinadarin da ake tatsowa daga rake ko masara, wanda a Amurka ake gauraya shi da fetur ya zama kashi 10 cikin ɗari na man, Barazil kuwa ta duƙufa a kansa tun 1975. Fa'idarsa a mota sananniya ce, amma ɗabi'arsa ita ce jawo laima daga iska, ta yadda idan man ya daɗe a tankin jirgin ruwa, sai ruwa da itanol su kwanta a ƙasa, injin ya zuƙe su, ya yi ta tari har ya mutu, tsoffin robobinsa kuma su lalace. Saboda haka masana suka fifita fetur tsantsa ga injin jirgi, musamman wanda ba kullum ake tada shi ba.

A Adar, wato yankin Tawa, inda ake shan man matatar Damagaram da aka buɗe a 2011, da kuma na kwalba a gefen titi, hukuncin ɗaya ne: ruwa shi ne abokin gaba. Ya kai mai inji, ka ɗaga kwalbar ka dube ta a hasken rana, ka tace man, ka rufe jarka sosai, kada kuma ka bar shi ya yi watanni a tanki.