Gafakar Kakanni a Ƙasar Yawuri da Na'urar Ɗaukar Surar Takarda

Cikin shekarar 1968 aka gama ginin madatsar ruwa ta Kainji, Kwara ta cika ta tumbatsa, ta haɗiye tsohuwar Busa da gungaye da ƙauyukan gaɓa har cikin ƙasar Yawuri. Mutum fiye da 40,000 aka tayar aka kai sababbin matsugunai. Kowa ya ɗauki abin da jirgi zai iya ɗauka, amma kushewa da masallaci da tsamiyar ƙofar gida suka zauna ƙarƙashin ruwa. Saboda haka, daga Wara da Ngaski har Yelwa, akwai gidajen da ba su da wata shaidar asalinsu sai bakin tsofaffi da abin da ke cikin gafaka.

Takarda kuwa ba ta da wuyar salwanta. Cikin 1830 waɗansu Turawa biyu wa da ƙane, Richard da John Lander, suka zo Yawuri neman takardun Mungo Park wanda ya halaka a Busa cikin 1806. Shekara 24 kaɗai tsakani, amma ba su sami littafin tafiyarsa ba. To, balle warƙar da ta yi shekara ɗari tana fama da laimar bakin ruwa da gara da ɓera.

Yanzu akwai na'ura da ake kira sikana, tana ɗaukar surar takarda ta ajiye cikin kwamfuta. Amma kafin mutum ya saya, wajibi ne ya san inda tarihin gidansa yake ɓoye. Galibi ba cikin matanin littafi yake ba, gama Ishiriniya da Risala duk ɗaya suke a kowane gida. Yana gefen warƙa, inda malami ya rubuta ranar da aka haifa masa ɗa. Yana shafin ƙarshe, inda mai kwafa ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da wanda ya rubuta wa. Yana bayan warƙa, inda aka sa hatimi ko aka ambaci wanda ya gāji littafin. Haka nan fatake: Yawuri tana kan hanyar Gwanja, kuma 'yar takardar bashin goro ko wasiƙar maigida zuwa ga yaronsa ta kan nuna garin da kakan mutum ya fito fiye da duk wani kirari. Ashe na'urar da ta dace ita ce wadda za ta ɗauki warƙa dukanta, gaba da baya, har gefenta, ba tare da ta cuce ta ba.

Akwai wadda ake loda wa takardu tana ja tana haɗiyewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ita ce mai yaudara, domin littattafan Ajami ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne warwatse cikin tadarishi, sai mutum ya ga kamar dominsu aka yi ta. Lalle a nisance ta. Tayoyinta su kan yage tsohuwar takarda, su kankare tawada, kuma in warƙoƙi suka rikice aiki ya samu, tun da ba lambar shafi gare su ba, sai kalmar nan guda da ake rubutawa can ƙasa don ta nuna farkon warƙa ta gaba.

Ta biyu mai gilashi ce da murfi. Tana da kyau ga hotuna da wasiƙu da takardun haraji da na gona. Cikinta akwai sirara marasa nauyi, irin Canon LiDE, masu shan wuta daga jikin kwamfuta ta waya guda, abin da ke da amfani inda lantarki ba shi da tabbas, ko da yake Kainji na nan kusa. Aibinsu ɗaya: ba su gani sosai sai abin da ya manne da gilashi, takarda mai lanƙwasa ta kan fito da dishi-dishi. Kada wannan ya sa a danne murfi da ƙarfi.

Ta uku ita ce mai tsayawa bisa ƙafa tana leƙen takarda daga sama, kamar ScanSnap SV600 ko irin na CZUR. Ga littafin malami babu kamarta, gama ba abin da ke taɓa warƙa sai hannun mai ita. Wanda ba shi da halin saye, wayar hannu mai kyamara mai kyau ta wadatar, muddin an kafa ta bisa wani abu don kada ta girgiza, an shimfiɗa baƙin ƙyalle, an yi aikin cikin inuwa mai haske ba tare da walƙiyar waya ba. Sai dai a kula da dabarar nan ta waya mai wanke takarda ta mai da ita fari fat. Tana yanke gefe, tana shafe rubutun da ya koɗe, watau daidai abin da aka fito nema.

A ɗauka da launi, domin jan wasali da rawayar alama su kan ɓace cikin baƙi da fari. Kada a gaza ɗigo 300 cikin inci guda, ga ƙananan hotuna 600. Sura ta asali a ajiye ta cikin tsarin TIFF in na'ura ta yarda, wadda za a raba wa dangi ita ce JPEG. Abin da aka aika ta WhatsApp a matsayin hoto matse shi ake yi, ba ya zama ajiya.

Akwai kuma shaida cikin jikin takardar kanta. In aka ɗaga tsohuwar warƙa ga haske, sau da yawa a kan ga jinjirin wata uku, tambarin takardar Italiya wadda ta riƙa ketaro Sahara. Masana su kan kintaci zamanin littafi da irin wannan tambari, sikana mai murfi kuwa ba ta nuna shi. Sai a sa fitila bayan warƙa guda a ɗauka da waya. Kuma kada a yarda a liƙe asali cikin leda da zafi a shagon buga takardu, ko a ɗaure yagewa da salatif.

Na'ura ba ta karatu. Rubutun hannu na Ajami har yanzu idon malami yake bukata, musamman sunayen Gungawa da Kambari da Shangawa, waɗanda in ba wasali baƙo zai karanta su hanya uku. Farfesa Mahdi Adamu, mutumin Ngaski, wanda ya rubuta tarihin Yawuri na ƙarni na 19, ya haɗa takarda da bakin dattawa ne. Haka ya kamata mai binciken gidansu ya yi: ya zauna da tsohon gida ana nuna masa sura, ana rubuta wane ne wannan, ɗan wane, daga wane gungu, a sa wa kowace sura lamba bisa jerin warƙoƙi.

Sa'an nan a yi kwafi uku, kada biyu su kwana ɗaki ɗaya. Ɗaya a gida, ɗaya wurin ɗan'uwa a wani gari, na uku kuwa, in magada sun yarda kuma babu asirin gida ciki, ana iya tuntuɓar Gidan Arewa a Kaduna ko ma'ajiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Littafin asali a mayar cikin tadarishinsa, a rataye gafaka nesa da ƙasa da bangon da ke tsattsafo da damina.